Kyanwa Takwas, Ɓera Talatin da Huɗu

Alhamis, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Yanzu na dawo daga asibiti, ko mayafina ban cire ba. Akwai jini kaɗan a gefensa, na goshinta ne. Likita ya ce wannan ba komai, ƙafar ce abin ji. Karaya biyu ƙasa da gwiwa.

Yarinyar nan ce mai zama bakin taga a aji biyu. Ni na ɗauko ta daga gindin matakalar da ke bayan ɗakin gwaje-gwaje. Shekararta goma sha biyu, amma sai na ji kamar jakar littattafai na ɗauka. A mota ba ta yi kuka ba. Hannu ta sa ta rufe bakinta har muka isa.

Shugabar makaranta ta kira ni sau uku. Tambayarta ɗaya: faɗuwa ta yi ko tura ta aka yi? Na ce ban gani ba. Gaskiya ne kuwa, ban gani ba. Lokacin tara ne, ina ɗakin malamai ina shan shayi.

Juma'a, ƙarfe shida na safe

Shekara goma sha shida ina koyar da kimiyya, ban taɓa jin tsoron shiga aji ba sai yau.

Juma'a, bayan an tashi

Ajin tsit. Mutum arba'in da ɗaya, ko tari babu mai yi. Doguwa, wadda kullum sai na ce mata ta rufe baki, yau kanta na kan tebur tun daga farko har aka buga ƙararrawa.

Ban koyar da komai ba. Na ce su buɗe littafi su karanta. A kusurwar allo har yanzu lissafin wasanmu yana nan, don ni na rubuta "kada a goge" a samansa. Kyanwa takwas, ɓera talatin da huɗu. Na tsaya da tsumman gogewa a hannu, na kasa.

Asabar

Na wanke mayafin sau biyu.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Bari in rubuta yadda wasan yake, ko don in ga cewa shi wasan ba shi da laifi.

Darasin dabba mai farauta da wadda ake farauta ne. Kowace shekara in na tsaya gaban allo ina bayani, rabin ajin barci suke yi. Shekara huɗu da suka wuce na ce bari in fitar da su fili. Na yanka kwali, ja da fari. Mai jan kati kyanwa ce, mai farin kati ɓera. Na watsa marafan kwalba a cikin ciyawa, su ne hatsi. In na busa usur, kowane ɓera ya nemi marfi uku ya koma gindin katanga, can ne raminsa. Ɓeran da aka kama, a zagaye na gaba ya zama kyanwa, wato kyanwar ta ci ta ƙoshi ta haihu. Kyanwar da ba ta kama kowa ba yunwa ta kashe ta, sai ta karɓi farin kati. Bayan kowane zagaye mu ƙirga mu rubuta.

Da idonsu suke gani: ɓeraye sun yi yawa, kyanwoyi su ƙaru. Kyanwoyi sun yi yawa, ɓeraye su ƙare, su ma kyanwoyin su bi su. Sannan ɓeraye su farfaɗo. Ba sai na yi dogon bayani ba. Har malamin lissafi ya taɓa aron katunan.

Bana wata ranar Litinin muka yi shi, kwana goma kafin ta faɗi. An yi dariya har maigadi ya bar ƙofa ya zo kallo.

Wasan ba shi da laifi. Wajen raba kati ne.

Litinin, lokacin tara

Shugaba ta ce in rubuta rahoto, shafi ɗaya, kada ya wuce. "Abin da kika sani kawai, Malama. Ban da tsammani."

Ta ce yara uku ne suka biyo ta a guje daga bakin famfo har matakala, Doguwa ce a gaba. Wani ɗan aji ɗaya ya ce ya ji suna kukan kyanwa. Shugaba ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kukan kyanwa kuma? Yaran yanzu sai addu'a."

Na ce, "Sai addu'a."

Talata, ƙarfe biyu

Na miƙa rahoton. Na rubuta cewa mun yi wasan darasi a fili, yara suka ɗauke shi suka ci gaba da yi a lokacin tara ba da sanina ba.

Ba da sanina ba. Na karanta wannan layin sau biyar kafin in sa hannu.

Ranar Laraba ta makon da muka yi wasan, ina rubutu a allo na ji wani ya yi "miyau" daga baya, ajin ya fashe da dariya. Ban juyo ba, na ce, "To kyanwoyi, a yi shiru." Ranar Juma'a wata ta ce bironta ya ɓata, sai na ji an ce a duba jakar mai zama bakin taga, ai halin ɓera ba ya ɓuya. Na ce su bar shirme, na ci gaba da darasi. Ranar Talata kuma ta tagar ɗakin malamai na hango ta tana gudu, su huɗu a bayanta. Malamin lissafi ya ce, "Ga 'yan wasanki can." Na ce ai darasi ya shiga ke nan.

Ba ko ɗaya daga cikin waɗannan a rahoton. Shafi ɗaya aka ce.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Na je dubiya. An naɗe ƙafar da farin filasta mai tauri tun daga yatsu har cinya. Mahaifiyarta tela ce, ta zo da wata riga tana yi mata aikin hannu a bakin gado don kada mai ita ta ji shiru. Mahaifinta direban babbar mota ne, yana hanya, sai jibi.

Da ta gan ni ta miƙe ta ba ni kujerarta. "Malama, Allah ya saka da alheri. An ce ke kika ɗauko ta da hannunki. Wallahi kullum sai ta ambace ki a gida. Malamar kimiyya ta ce kaza, malamar kimiyya ta ce kaza, har babanta yana tsokanarta wai ta koma gidanki."

Na ce ba komai, yi wa kai ne.

Ta jawo wani littafi daga ƙarƙashin matashi ta nuna mini. Ba na makaranta ba ne, na yarinyar ne na kanta. Ta zana ciyawa, kibiya zuwa fara, kibiya zuwa ƙadangare, kibiya zuwa shaho. A ƙasa ta rubuta tambaya da jan biro: in shaho ya mutu, wa ke cin sa? Ban taɓa ganin littafin ba.

Ita yarinyar fuskarta na bango. Uwar ta ce, "Ke, ba ki gaishe da malamarki ba?" Ta juyo, hannu a baki, ta ce ina wuni ta bayan yatsu. Uwar ta ce, "Wannan sabon salon rufe bakin ban san inda ta samo shi ba. Ya fi mako tana yi, ko abinci sai ta juya mana baya."

Yarinyar ta dube ni. Ba harara ba ce. Jira take ta ga ko zan yi magana.

Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na fito.

Alhamis

Ba ta gaya wa uwarta ba.

Juma'a, ƙarfe uku

An zauna a ofishin Shugaba. Ni, mataimakinta, yaran uku da iyayensu. Biyun kuka kawai suke yi. Doguwa ba ta yi kuka ba. Ta ce ba ta taɓa ta ba, ko rigarta ba ta kama ba, da yarinyar ta kai tsakiyar matakala ta waiwayo sai ƙafarta ta zame. Ɗaya daga cikin biyun ta ce ita ta ga hannu, amma ba ta san na wa ba ne. Har aka tashi ba a san gaskiya ba, kuma ban jin za a sani.

Mataimaki ya ce, "Wa ya laƙaba mata wannan suna na ɓera?"

Doguwa ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Ai Malama ce ta fara faɗa."

Shugaba ta buga tebur. "Rufe mana baki, marar kunya! Kin karya 'yar mutane, yanzu kuma malamarki za ki shafa wa kashin kaji?" Mahaifin Doguwa, dattijo ne mai gyaran keken ɗinki, ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana cewa, "A yi haƙuri, Malama, a yi haƙuri, ban yi mata tarbiyyar ƙarya ba." Ni yake ba haƙuri.

Ban ce komai ba.

An yanke: biyun mako biyu a gida. Doguwa kora, saboda ita ce a gaba kuma ta yi wa malama ƙage.

Asabar, da hantsi

Na ƙona abinci. Baban yara ya ce ko makarantar ce har yanzu, na ce kaina ke ciwo.

Lahadi

Ban ce komai ba. Abin da nake ta ji ke nan, ko ina wanke-wanke.

Litinin, bayan an tashi

Dole a gama darasin, yana cikin jarrabawa. Na sa su zana layi biyu a takarda mai gida-gida daga lissafin da ke allo, na ɓeraye da baƙin biro, na kyanwoyi da ja. Layin baƙi ya hau ya sauka, jan ya biyo shi a baya kaɗan. Sun yi shi da kyau, babu mai magana.

Wani yaro a layin gaba, wanda ba ya barin tambaya ta kwana, ya ɗaga hannu. "Malama, me ya sa ita kyanwar ba ta bari sai ta cinye su duka, alhali ita ma za ta mutu?"

Na ce kyanwa ba ta san lissafi ba, yunwa take ji. Ba mugunta ba ce, ba ta da wani abincin. Na ce shi ya sa ba a cewa dabba mai farauta azzaluma ce.

Daga baya wata ta ce a hankali, "To mu fa?"

Na yi kamar ban ji ba. Na fara ƙwarewa a wannan.

Kujera huɗu babu kowa, amma biyu nake ta kallo. Ta bakin taga da ta Doguwa.

Talata, ƙarfe bakwai saura na safe

Mahaifin Doguwa na tsaye a bakin ƙofar makaranta tun kafin in iso. Ya ce ba roƙo ya zo ba, ya san hukunci ya riga ya fita. So yake in yafe mata. "Na yi mata faɗa, na hana ta fita, uwarta ta yi mata. Har yau ta ƙi cewa ƙarya ta yi. Taurin kan nan ban san inda ta gado shi ba. Ke uwa ce, Malama, ki yafe mata kada bakinki ya kama ta."

Na ce na yafe. Da bakina na ce na yafe.

Ya yi ta godiya har na shige.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

To. Zan rubuta.

Ina raba katunan ne, suna layi, kowa na ihu a ba shi ja. Na zo kanta. Ita murmushi kawai ta yi, haƙoranta biyu na gaba suka fito, don sun ɗan yi tsawo. Ajin na cikin nishaɗi, ni ma haka, ina jin daɗin yadda suke dariya da duk abin da na faɗa. Sai na ce, "Ke da haƙoran nan naki ai ba sai an ba ki kati ba."

Suka kwashe da dariya har wasu na faɗuwa a ciyawa. Ita ma ta yi dariya. Na miƙa mata farin katin na wuce na gaba.

Shi ke nan. Ko minti ɗaya bai kai ba. Kafin mu koma aji na manta na faɗa.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Na gaya wa Baban yara. Yana gyaran fankar falo, ya sauko daga kan kujera ya zauna, sukudireba a hannunsa.

Ya ce, "Subutar baki ce, kowa na yi."

Na ce na sani.

Ya ce, "Wannan ta haƙoran Allah zai yafe miki, ba da nufi kika yi ba. Amma ta ofishin fa? Can ai kina sane."

Na ce in na faɗa za su iya sallamata. Shekara goma sha shida.

Ya ce, "Za su iya." Ya koma kan kujerar. Can yana ɗaure fankar ya ce, "Da autarmu ce aka kora a kan ta faɗi gaskiya, me za ki so malamar ta yi?"

Na ji haushinsa har na ƙi kawo masa ruwa. Na fi son ya ce in bar zancen.

Alhamis, lokacin tara

Na je ƙofar ofishin Shugaba, na ji tana waya, na dawo.

Juma'a, ƙarfe ɗaya

Na faɗa mata. Duka, har da "miyau" da biron da abin da na hango ta taga.

Ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce, "Kin san a gaban iyaye na kira yarinyar nan marar kunya? Kina zaune kika bar ni." Na ce e. Ta ce, "Me ya sa sai yanzu? Magana ta mutu, kin zo kin tono ta." Na ce uban ne ya zo ya ba ni haƙuri.

Ta ce in sake rahoton, wannan karon ko shafi nawa ne. Za a ba ni takardar gargaɗi, za ta shiga fayil ɗina. An karɓe aji biyu daga hannuna har ƙarshen shekara, malamin aikin gona zai riƙe. Doguwa za ta dawo bayan mako biyu kamar sauran.

Ina bakin ƙofa ta ce, "Iyayen yarinyar kuma ba ni zan gaya musu ba."

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Gidan Doguwa na fara zuwa. Uban yana zaure, keken ɗinki a wargaje a gabansa. Na ce masa 'yarsa ba ta yi ƙarya ba, ni na yi shiru. Ya dube ni kamar bai gane ba. Sai ya ƙwala mata kira. Ta fito ta tsaya jikin ƙofa.

Na ce, "Gaskiya kika faɗa. Ki yafe ni."

Ta ce, "To." Ta koma ciki.

Uban ya ɗauki wani ƙaramin ƙarfe yana gogewa da tsumma, yana ta gogewa. Ya ce, "Kwana takwas ina ce mata maƙaryaciya a gidan nan." Bai raka ni ba.

Lahadi

Gobe.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

An sallame su daga asibiti tun Alhamis. Ɗaki biyu ne a bayan shagon ɗinkin. Yarinyar na kwance a falo, ƙafar a kan matashi, ƙannenta sun cika filastar da zane. Uwar ta kawo mini ruwa, ta fara godiya, na ce ta tsaya.

Na maimaita maganar kamar yadda na faɗe ta a fili, kalma da kalma, a gaban yarinyar. Muryata kamar ba tawa ba.

Uwar ta juya wajen 'yarta. "Haka aka yi?"

Ta gyaɗa kai.

"Me ya hana ki gaya mini?"

Ta ce, ta bayan hannu, "Za ki je makaranta ki yi faɗa, a kori Malama. Kuma ita kaɗai ce ta iya koyarwa."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Uwar ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauke kofin ruwan daga gabana ta ajiye a kan keken ɗinki. Ta ce, "Na ba ki kujerata a asibiti." Sannan ta ce, "Haƙoran babanta ne. Tun tana ƙarama nake gaya mata su ne kyanta. Shekara goma ina ginawa." Ta buɗe labulen ƙofa ta riƙe. "Malama, ki je. Ban ce ba zan yafe ba, amma ba yau ba."

Na ce wa yarinyar ta yafe ni. Ta ce, "Ba komai, Malama." Irin ba komai ɗin da ake koya wa yara.

Laraba

Malamin aikin gona ya zo neman katunan, wai ya ji ana yabon wasan. Na ba shi. Na ce ya zuba su a kwali kowa ya sa hannu ya ɗauka da kansa, kuma in an gama ya karɓe su a fili, ya ce musu wasa ya ƙare. Ya ce to, yana mamakin yadda na dage.

Juma'a, lokacin tara

Doguwa ta dawo. Mun haɗu a baranda, ta gaishe ni, idonta a ƙasa. Ko surutun ta daina.

Talata, ƙarfe goma sha biyu

Uwar ta zo karɓar takardar canjin makaranta. Za su mayar da ita wata kusa da gidan yayar uban, wadda ba bene ba, babu matakala. Na hango ta ta shiga ofis, na zauna a ɗakin malamai na riƙe jan biro ban gyara ko layi ɗaya ba.

Sai ga ta a bakin ƙofa. Ba ta shigo ba.

Ta ce, "Can sun ce a kawo wasiƙa daga malamin da ya san ta. Na ce a ba wani ya rubuta, ita ta ce ke. Ki rubuta musu abin da ta iya. Shi kaɗai. Gobe zan aiko a karɓa."

Na ce to. Na tambayi ƙafar. Ta ce da sauƙi, ta fara takawa da sanda. Ta juya ta tafi.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Na zauna a teburin cin abinci na ce layi biyar zan yi. Na rubuta cewa ita ce ta fara gane dalilin da wakenmu na cikin kwalba ya karkata wajen taga. Cewa in an ba su gilashin ƙara girma, kowa hannunsa yake dubawa, ita ƙafar tururuwa take ƙirgawa. Cewa ba ta ɗaga hannu, amma in ka bi ta kusa da teburinta za ka tarar ta riga ta rubuta amsar a gefen takarda. Cewa ita ke wanke kwalaben gwaji ba tare da an sa ta ba. Cewa a bar ta ta yi tambaya, kada a gaggauta ta.

Kafin in ankara na cika shafi biyu, ban tsaya tunani ko sau ɗaya ba. Ashe duk na gani. Ashe duk na sani.

Na karanta daga farko har ƙarshe ina neman layi ɗaya da na taɓa gaya mata da bakina, a gaban ajin ko ita kaɗai. Babu. Shekara ɗaya da rabi tana zaune a gabana, magana ɗaya tak na taɓa yi a kanta da ajin duka ya ji.

Laraba, ƙarfe takwas na safe

An zo an karɓi wasiƙar. Ban liƙe ambulan ɗin ba, ko za ta buɗe.